Ranar da Aka Haska Fim a Tumbina

Ni aka zaɓa in ba da tarihin ƙungiyarmu ranar buɗe bikin finafinai a Ƙofar Kaura, cikin birnin Katsina. Aka miƙo mini takarda, na ce a bar ta, ai tarihin yana kaina. Na zuba farar babbar riga wadda ta sha sitaci, na tsaya tsakiyar dandamali, don Hajiyar da muke roƙo ta saya mana allon majigi tana layin gaba.

Na kawo yadda muka fara da aron majigi da zanen gado, don Katsinawa su ga labarinsu da idonsu. Sai tafi ya ɓarke. Na ƙara baza hannuwa, dariya ta ƙaru. Na ce a raina, lallai yau na iya magana!

Ashe mai majigi ya kunna fim bisa kuskure, raƙumi ne ke ta tuƙa a kan tumbina.

Da muka je gaishe ta, Hajiya ta share hawayen dariya ta ce, "Ku da kuke da Malam, me za ku yi da allo?"

Har yau da zanen gadonmu muke. In na sa fararen kaya kuwa, hatta surukina sai ya ce, "Malam, yau wane fim za a haska?"