Takobin Ɗan Maƙera

"…gajiya kuma ta bi lafiya. Ina bawan gidan nan, ko har yanzu yana cikin rami?"

"Wa nake ji kamar 'yar dukawa? Ai tun daga lungu warin jima ya yi miki sallama."

"Warin jima ya fi baƙin gawayi. Matsa min kujera."

Habu bai ɗago kai ba. A zauren gidansu na Birni yake, inda yake gyaran salula, ƙarar masabar mahaifinsa tana shigowa daga maƙerar bayan gida. Tsofaffin ordinatar biyu, wato kwamfuta, ya haɗa da waya ɗaya, kuma kowace Lahadi bayan la'asar shi da taubashiyarsa Munira, 'yar gwaggonsa, sukan shiga wani tsohon wasa tare. A wasan akwai gari mai maƙeri ɗaya, ƙarƙashinsa kuma rami mai hawa-hawa cike da dodanni.

Yau zuciyar Habu ba daɗi. Takobin da ya kwashe wata biyu kafin ya ƙwato daga hannun wani dodo ya kusa mutuwa. Sara ɗaya ya rage masa. In ya karye, ya ɓace ke nan har abada.

Munira ta zauna, ta sauko da maharbiyarta ta cikin wasan hawa na tara inda jarumin Habu ke tsaye, sannan ta leƙo allonsa.

"Mene ne wannan jan abu ke ƙyaftawa a gefe?"

"Ado ne."

"Adon ajali. Habu, takobin nan ƙarfinsa sittin ne ran da ka samo shi. Yaya aka yi ya koma takwas, takwas ɗin ma saura ɗaya?"

"Gyara shi nake yi."

"Da hannunka? Kai ba ka san duk gyaran da jarumi ya yi da kansa rage wa makami kwana yake ba? Ga maƙeri can a gari yana hamma."

Habu ya gyara zama, ya buga ƙirji.

"Ni? Jikan Adam mai uwar maƙera bakwai, wanda kakanninsa suka ƙera wa mayaƙan Damagaram masu, in ɗauki takobina in kai maƙerar wani? Maƙerin da ko zuga-zugi ba shi da shi? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Uwar maƙera bakwai? Bara uku ka ce."

"Haihuwa suke yi."

"Girman kai rawanin tsiya. Kakan naka kuwa lauje na san shi da shi, sai ƙusar ƙofa. Mu ne muka ɗinka kuben da ya rufa wa takubbanku asiri."

"Kube ba takobi ai safa ce."

"Takobi ba kube kuwa tsirara yake yawo, kamar mai shi."

Habu ya so ya yi dariya, ya haɗiye. Daga hawa na tara zuwa gari tafiya ce mai nisa, kuma ba shi da wani makami a jaka, don duk wanda ya tsinta sai ya ce ƙirar banza ce ya yar. Ya san Munira tana da gatari na ajiya. Ya yi gyaran murya.

"Wannan gatarin naki da ke cika miki jaka, kawo in rage miki kaya."

"Allah sarki, mai tausayi. Musaya za mu yi. Zoben nan naka mai hana wuta ƙona mutum."

"Zobe da gatarin faskare? An ce miki a Kasuwar Dole muke?"

"To sari dodo da tarihin kakanka."

A wasan nan ba a miƙa kaya hannu da hannu. Kowa yar da nasa yake yi a ƙasa, ɗan'uwansa ya ɗauka. Nan gizo ke saƙa, don makon jiya Munira ta yar da sulkenta za su yi musaya, Habu ya wawure, ya riƙe nasa kayan, ya ce abin da taubashi ya tsinta a ƙasa ko gaban alƙali halalinsa ne. Sulken yana jikin jaruminsa har yanzu, yana walƙiya.

"To, ki fara yarwa," in ji shi.

"Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kai fara."

"Ba a ba kura ajiyar nama."

"Ka ji ɓarawo da sallama. Mu ƙirga uku, mu yar tare."

Suka ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku. Ƙasa wayam. Kowa ya juyo ya kalli ɗan'uwansa.

"Hannuna ne ya sage," in ji Habu.

"Ni kuwa tunawa na yi rama cuta ga macuci ibada ce."

Sai ga ƙarar ƙasusuwa daga ƙofar ramin. Ƙwarangwal uku ne, da dodo mai ƙaho a bayansu. Habu ya ja jaruminsa baya har ya jingina da bango. Yatsansa na kan maɓalli, amma ya san sara na gaba shi ne na ƙarshe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Sara mana, jikan Adam," in ji Munira, tana harba kibiya ba tare da ta dube shi ba. "Ko in kira Kawu ya zo da masaba?"

Sai ya ji ƙarar ƙarfe ya faɗi. Gatarin ne a gaban ƙafar jaruminsa.

"Ɗauka. Ba na son zobenka. Kada a ce bawana ya mutu a rami ina tsaye, wa zai riƙa share min kujera?"

Ya wawuri gatarin, ya tura takobin cikin jaka, suka yi ta sara da harbi har dodon ya kife. Da ƙura ta lafa, suka hau hawa tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, suka fito gari. Maƙerin yana tsaye ƙofar rumfarsa. Habu ya taka zuwa bakin rijiyar da ke tsakiyar gari, ya ja tunga.

"Ƙarasa mana," in ji Munira. "Taku goma ne."

"Ƙafata ba ta san hanyar ba."

Daga bayan gida masabar mahaifinsa ta ci gaba da sauka. Habu ya saurara, ya sosa ƙeya, sai dariyar da yake ta haɗiyewa ta ƙwace masa. Ya tuɓe sulken ya yar a gaban maharbiyar.

"Naki ne, ya yi min warin fata."

Sannan ya ciro takobin, ya ajiye shi kusa da sulken. Munira ta dubi takobin a ƙasa, ta dubi Habu, idonta na ƙyalli.

"Habu, ka manta dokar da ka kafa da bakinka? Abin da taubashi ya tsinta…"

"Na sani, uwar ɗakina." Ya waiwaya wajen ƙofar maƙerar mahaifinsa, ya rage murya. "Don Allah ɗauki ki kai wa maƙerin garin nan ya gyara min. In ya tambaya, ki ce naki ne."