Guɗar Gwaggo Yahanasu a Gidan Wasan Rumawa

Duk wanda ya ce bai taɓa jin guɗar Gwaggo Yahanasu ba, to bai taɓa zuwa biki a Kazaure ba, magana ta ƙare. Matar nan in ta kama hanci ta rangaɗa ɗaya, amarya tana ƙuryar ɗaki za ta san dangin ango sun iso, kajin maƙwabta kuwa sai an bi su lungu-lungu an tattaro. Ba gajiya ce ta zaunar da ita ba, gwiwa ce. Da ciwon ya matsa, sai ɗan wanta Nafi'u, wanda ta goya tun yana tsumma, ya ɗauko ta zuwa Turkiyya, inda yake koyon aikin ƙashi a wani asibiti. Wanda ya yi mata aikin shi ne maigidansa, Farfesa Turgut, wani dattijo mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Ga shi karatun Nafi'u ya zo ƙarshe, gurbin aiki ɗaya ne tak a sashen, masu nema rututu, kuma bakin Farfesa kowa yake jira. In ya ce a'a, sai dai Nafi'u ya tattara komatsansa.

Ana cikin haka sai Farfesa ya ce yana gayyatarsu shi da Gwaggo bikin waƙa da rawa da ake yi duk lokacin zafi a wani tsohon gidan wasa na dutse da Rumawa suka bari. Wai yana so ya ga gwiwar da ya gyara tana hawa matakala. Nafi'u ya yi godiya har da rusunawa, amma bai yi murna ba, don ya san wadda zai kai.

Tun a mota ya fara ja mata kunne.

"Gwaggo, don girman Allah, wurin nan ba a magana. Ba a amshi, ba a kirari, ba a tashi a yi wa mawaƙi liƙi. Guɗa kuwa ko da wasa."

"To zaman makoki za mu je?"

"Biki ne, Gwaggo. Haka suke nasu."

"Allah ya kyauta. Na ji, zan zauna kamar sabuwar amarya."

Wurin kam abin kallo ne. Kujerun dutse ne jere bisa jere, sun yi da'ira sun hau sama kamar an kafa ƙatuwar ƙwarya a gefen tsauni, dandali kuma yana can ƙasa. Rana ba ta gama faɗuwa ba, dutsen ya sha zafi tun safe, kowa da ɗan matashin da zai zauna a kai. Gwaggo ta haye matakalar nan ko dafa bango ba ta yi ba, Farfesa yana biye yana kallon gwiwar kamar mai kallon ɗansa na fari yana tatata. Da suka zauna ya ce da Nafi'u ya gaya mata, magina wurin sun tsara shi ne yadda ko tari aka yi, kowa sai ya ji. Nafi'u ya fassara mata, ya ƙara da nasa: "Kin dai ji ko?"

Aka fara da rawar da suke kira bale. 'Yan mata sirara suka fito da fararen kaya suna tafiya a kan 'yan yatsun ƙafa, ba mai sauke dunduniya. Gwaggo ta taɓa dutsen da ke gefenta, ta ji ɗumi, sai ta girgiza kai.

"Wayyo 'ya'yan mutane," ta ce a hankali. "Ƙasa ce take ƙona su. A rasa mai yayyafa musu ruwa?"

"Rawar ce haka, Gwaggo."

Can wani saurayi ya zo ya ɗaga ɗaya daga cikinsu sama, ya yi ta zagaye da ita.

"Yauwa, ɗan albarka. Shi kaɗai ne mai tausayi a cikinsu."

Nafi'u ya ɗan taka mata ƙafa, mai lafiyar, ta yi shiru. A ransa ya ce in dai iyakarta ke nan, ya tsira.

Sai aka shiga ofera, wato wasan da ake yin komai da waƙa, gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, har mutuwa da waƙa. Masu goge sun fi a ƙirga, ga wani a gabansu yana ta kaɗa ɗan tsinke. Wata mata mai jiki ta fito cikin jar riga har ƙasa, ta buɗe baki. Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta san murya, don sana'arta ce. Tun daga nan ta gyara zama. Matar tana hawa, Gwaggo tana gyaɗa kai. Matar ta ƙara hawa, Gwaggo ta duba dama ta duba hagu: dubban mutane, kowa ya yi tsit ya zuba ido, ba mai cewa ko sannu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. A garinsu zabiya ta yi rabin wannan a yi mata shiru, ai an ci mutuncinta ke nan har jikokinta.

Nafi'u ya ga hannunta yana tasowa wajen hanci, ya kama ya mayar mata kan cinya. Hannun ya sake tasowa, ya sake mayarwa. Sai matar nan ta kama wata murya can ƙololuwa ta riƙe, ta riƙe, ta ƙi saki. Shi kansa Nafi'u tsigar jikinsa ta tashi, ya saki baki, ya manta da hannun da yake gadi.

Ai kuwa Gwaggo ta rangaɗa ta.

Rumawa ba su yi ƙarya ba, ginin yana aiki. Guɗar nan ta gangara dandali, ta bugi bango, ta dawo ta zagaye kujeru kaf. Tantabarun da ke maƙale a ramukan dutse suka tashi fir. Mai tsinke ya waiwayo hannunsa a sama, wani mai goge ya ja inda ba a ce ya ja ba. Ita dai mai jar riga ta ƙarasa waƙarta, sai dai kafaɗunta suna rawa don danne dariya. Duk wani kai da ke wurin ya juyo, Nafi'u kuwa ji ya yi kamar dutsen ya tsage ya shige. Gwaggo ko a jikinta. Gyara mayafi ta yi, irin na wadda ta sauke nauyi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Farfesa ya juyo ya tambaya da Turkanci, wannan wane irin sauti ne. Nafi'u ya laluba ya laluba, ƙaryar da ta fara zuwa bakinsa ita ya cafke.

"Ranka ya daɗe, ciwo ne ya soke ta. Gwiwar ce."

Bai rufe baki ba ya gane ɓarnar da ya yi.

"Gwiwar da na yi wa aiki?" in ji Farfesa. Nan take ya durƙusa a gaban Gwaggo a cikin mutane, ya shiga latsa gwiwar, yana lanƙwasawa yana miƙewa.

Gwaggo ta ja zane ta rufe ƙafa. "Kai Nafi'u, me mutumin nan yake nema a jikina?"

Ya sunkuyo yana raɗa. "Gwaggo, ki rufa min asiri. Ce masa na yi ihun ciwo kika yi. Ki ɗan yi nishi kawai, aikina yana hannunsa."

"Ihu?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Guɗar tawa ce ihu? Guɗar da aka kai uwarka ɗaki da ita?"

"Gwaggo, a hankali, ana ji."

Farfesa ya miƙe yana kaɗe wando. Bai ji komai a gwiwar ba sai lafiya, kuma ba yau ya fara ganin ɗalibi yana kame-kame ba. Ya dubi tsohuwar da ta cika ta yi fam, ya dubi Nafi'u, gashin bakin nan ya ɗan motsa.

"Likita," ya ce, "ni ba na ɗaukar wanda yake canza maganar majiyyaci. Tambaye ta inda yake mata ciwo, kuma abin da ta faɗa shi za ka gaya min, kada ka rage ko ɗaya."

Nafi'u ya juyo wajen Gwaggo.

"Gwaggo, wai ina ne yake miki ciwo?"

"Ce masa gwiwa lafiya lau, Allah ya saka da alheri. In kuma a garin nan duk wanda ya ɗaga murya ciwo ne yake cin sa, to ya bar ni, ya sauka ya duba mai jar rigar can. Ni numfashi ɗaya na yi, ita baiwar Allah tun ɗazu take yi, likita yana zaune yana tafa mata."