Na Cire Cajata Don a Taimake Ni In Sa Caja

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafin Cajar Mota ta Gida na lardinmu,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga shugabansa, tare da sunkuyawa iyakar inda ƙuguna ya yarda, ina fatan sanyin watan nan bai taɓa lafiyarka ba. Na san da wuya ya taɓa ta, don sau uku ina zuwa ofishinku, kuma ɗumin wurin har sai da na cire rigar sama.

Sunana Nagakura Setsuko, daga ƙauyen Sarukura can saman dutse, shekarata saba'in da ɗaya. Mijina Isamu ana yi masa wankin ƙoda Talata da Alhamis da Asabar a asibitin gari, kilomita talatin da takwas daga ƙofar gidanmu, kuma ni ce direbarsa. Bara gidan man ƙauyenmu ya rufe, mai shi ya tsufa, 'ya'yansa sun ƙi gado. Shi ya sa muka sayi 'yar ƙaramar motar lantarki, da muka ga sanarwarku cewa duk wanda ya sa caja a gidansa za a mayar masa da rabin kuɗinsa. Zan jera abin da ya biyo baya da lamba, tunda na lura a ofishinku ba a ganin abu sai da lamba a gefensa.

Na ɗaya. Na aiko takarduna a watan Oktoba, da hatimina a wuri bakwai. Tsoho Hatakeyama, mai gyaran wuta, shi kaɗai ya rage mai rajista a duk kwarinmu, ya dubi sama ya ce ƙanƙara na hanya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Safiya ɗaya ya ɗaura mana cajar a bangon rumfar mota, ya sha shayi, ya tafi. Mako shida muna cikin jin daɗi, sai ga wasiƙarku mai ladabi: an ƙi. Wai an fara aiki kafin izini ya fito, kuma babu hoton bangon kafin aiki, da allo mai kwanan wata a jikinsa. Wai sharaɗin yana nan a shafi na goma sha huɗu, da rubutun da ko tabarau biyu ba sa kama shi. Ranka ya daɗe, shekara arba'in da shida ina zaune da bangon nan, ban taɓa sanin yana buƙatar hoto ba. Na zaci ku masu son a sa caja ne. Ashe laifi ne mutum ya riga ku yin abin da kuka roƙe shi ya yi?

Na biyu, kuma a nan ina da nawa kason wautar. Ma'aikaciyarku ta taga ta uku, mai fara'a, ta sunkuya mini har sau huɗu, sannan ta rage murya ta ce ai in babu caja a bango, to a idon ofis ba a fara aiki ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Yen dubu sittin ba wasa ba ne ga masu cin fansho, na koma na ce wa Hatakeyama ya kwance ta. Ya daɗe yana kallona, ya ce shekara hamsin da biyar yana sana'ar nan ba a taɓa kiransa ya cire abin da yake aiki lafiya ba, ya tambaye ni ko na faɗi ne na bugu a ka. Amma ya kwance, ya riƙe allo, na ɗauki hoto. Kuka dawo da shi saboda ana ganin ramukan kusa huɗu. Muka toshe, muka yi fenti. Kuka dawo da shi saboda fentin wurin ya fi na sauran bangon haske. Muka fente bangon gaba ɗaya. Ina yi muku godiya ta musamman a kan wannan, don Isamu ya yi shekara ashirin yana cewa zai fente shi.

Na uku. Yau kwana hamsin da biyu cajar tana cikin kwali a falo, ina ɗora mata farantin lemo. Motar kuma tana shan wuta da 'yar siririyar waya ta tagar kicin, kamar mai shan ruwa da cokali. Tagar ba ta rufuwa, a watan Janairu. In na kunna tukunyar shinkafa, wutar gidan ta ɗauke. In Isamu ya kunna teburin ɗumi mai hita a ƙarƙashi don ƙafafunsa, ta ɗauke. Kullum sai mun zauna mun yi shawara: yau za mu ci, ko za mu ji ɗumi, ko za mu kai asibiti jibi? Shin akwai takardar da ake cikawa a kan wannan? Ku aiko, hatimina bai gaji ba.

Na huɗu. Kun aiko wani bawan Allah cikin kayan ƙatuwar kyanwa mai jelar waya zuwa bikin kakar ƙauyenmu, yana rawa yana raba takardun tallafi. Kyanwar ta yi rawa sosai. Ta wuce ta gaban bangona, da mai ɗaukar hoto biye da ita, ba wanda ya ce mini uffan game da shafi na goma sha huɗu.

Na biyar. Ranar Asabar ɗin da ta wuce motar ta tsaya cak a hawan da ke bayan gada, saura kilomita tara. Batirinta bai cika ba, sanyi kuma ya cinye abin da ta samu. Ina kallon ƙafafun Isamu sun kumbura sun cika takalmi. Na ji tsoro, ranka ya daɗe, irin tsoron da ban ji ba tun ranar da likita ya fara gaya mana ciwon. Maƙwabciyarmu Yanagida ce ta zo wucewa da akori-kurarta za ta kasuwa. Ta sa shi a gaba, ni na hau baya cikin kabeji. Mun makara da awa biyu, aka rage masa lokacin wankin, har yau numfashinsa bai koma daidai ba. Litinin na buga muku waya, aka ce ana dubawa, kuma an gode da haƙurina. Wa ya gaya muku akwai saura?

To ga dalilin wasiƙar. Hatakeyama zai rufe shago ƙarshen watan nan, hannunsa ya fara rawa. Masu gyaran wuta na birni sun ce ba sa hawowa sai ƙanƙara ta narke. Jiya ya zo ba tare da na kira shi ba, ya ajiye jakar kayan aikinsa a ƙofa ya ce, “Setsuko, takarda tana iya jira. Ƙodar mutum ba ta jira.”

Saboda haka nake sanar da ofishinku mai daraja, a rubuce kuma kan lokaci, cewa gobe da ƙarfe tara na safe za a sake aikata laifin nan a bangona, ba tare da izini ba. Na san hukuncinsa, ba sai kun wahalar da ma'aikaciyar taga ta uku ba. Kuɗin ku riƙe, ku nemi wanda yake da lafiyar jiranku ku ba shi. Ni tsohon nan nawa Isamu nake son riƙewa, kuma ran Alhamis da ƙarfe takwas ake jiransa a asibiti.

Taka mai biyayya, har zuwa ƙarfe tara na safiyar gobe,

Nagakura Setsuko
Ƙauyen Sarukura