Rasuwar Kyamarar Sietse Boonstra

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, Sietse Boonstra na garin Harlingen yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar kyamararsa mai ɗaukar hoto mai motsi a kan siririn fim, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da hantsi, a ɗaki na goma sha huɗu na gidan kula da tsofaffi, tana hannun maigidanta. Shekarunta hamsin da ɗaya.

Marigayiyar ba ta san almubazzaranci ba. Kowane ƙunshin fim minti uku ne da daƙiƙa ashirin, don haka ta koya wa Sietse tunani kafin dannawa. Ta sha gishirin iskar teku, ta yi aiki a kan ƙanƙara, ba ta taɓa kwanciya jinya ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya mutu ya bar ta. Masu wankin fim suka yi ta rufe shago, har ta kai sai an aika Berlin ta gidan waya an jira mako shida. Fim ya yi tsadar da sai mai taurin kai ke saye. Duk da haka in an danna ta sai ta ce "tirrrrr", ba gaggawa ba nawa.

Wannan muryar ce aka yi rashinta. Yayar Sietse, Tjitske, wadda ke zaune a ɗakin nan na goma sha huɗu, shekara biyu ke nan ba ta gane kowa, har ɗan cikinta Douwe. Amma duk Lahadi, da Sietse ya ɗaga Tsohuwa ta yi kukanta, sai Tjitske ta gyara gashi, ta miƙe wuya, ta ce, "Auta, saura ka yanke mini kai a hoto kamar ranar bikina." Tsawon minti ukun nan tana da ƙane, shi ma yana da yaya. Fim na ƙarewa sai ta koma kallon taga.

Game da ciwon ajali, Sietse ya ce a faɗi gaskiya, shi ya jawo. Duk ɗan wannan harka ya san a firiza ake adana fim, kuma tun ana gobe aiki ake fito da shi ya saki sanyinsa. Ranar Asabar ya manta. Da safiyar Lahadi ya zaro ƙunshi daga ƙarƙashin kifi a firiza, ya jefa a aljihun kwat, wai tafiyar keke za ta ɗumama shi. Ba ta ɗumama ba. Fim ya yi gumi ya manne, Tsohuwa ta ja, ta ƙara ja, sai aka ji "ƙas". Wani ɗan faifan roba mai haƙora, da bai fi maɓallin riga ba, ya rabe biyu. Tjitske ta riga ta ɗaga hannu za ta taɓa gashinta. Ta mayar da shi kan cinya.

Ta rasu ta bar majigi ɗaya mai fama da tari, da abin yanka fim da liƙawa, da gwangwanayen fim cike da kabad, da marayun ƙunshin fim bakwai a firiza waɗanda ba su taɓa ganin haske ba.

Ana godiya ga masu ta'aziyya, ban da ɗaya. Douwe ya zo da wayarsa yana cewa, "Kawu, ka hutar da kanka mana. Wannan har kukan kyamara tana yi." Aka kunna wa Tjitske, ta ce a kashe injin askin nan. Sietse ya ce, "Ka ji ko? Uwarka ta manta sunanka, amma ba ta manta jabu ba."

Ga tsarin jana'iza. Ba za a binne ta ba, kuma ba za a kai ta gidan tarihi yara su riƙa nuna ta da yatsa ba. Za a shimfiɗe ta a teburin kicin ranar Asabar da ƙarfe goma, inda Auke Postma, tsohon mai gyaran agogo, zai buɗe cikinta ya gwada sassaƙa faifan da tagulla. Ya ce bai yi alkawari ba, idonsa ba kamar da ba. Kada a kawo furanni. Wanda ke da matacciyar kyamara irinta a saman rufi ya zo da ita a ciri abin da ya yi saura. Akwai kofi da kek. Mai shawarar waya ya sha nasa a gida.

Ranar Lahadi kuwa, ko ta tashi ko ba ta tashi ba, Sietse zai ɗauke ta zuwa ɗaki na goma sha huɗu, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya kai ta ido. In Tjitske ba ta gane shi ba, ta tambayi baƙon nan abin da yake jira, zai ce mata yayarsa yake jira ta gyara gashi.