Yadda Ake Ɗaure Saƙo Har Mai Tafiya Ta Kasa Ƙin Ɗauka

Shekara tara ina zaune a unguwar Malaz, a nan ƙasar Larabawa, wajen ɗana, ban taɓa taka ofishin kago na aika kaya ba, kuma ba a yi biki a danginmu na Kano babu kayana ba. Bi matakan nan, kwalinki zai isa.

1. Nemo mai tafiya

Kada ki tambaya, a garin nan kowa ɓoye ranar tafiyarsa yake yi. Sa ido kan wadda ta fara sayen dabino kwali-kwali. Haka na gano Mahbuba, wata nas 'yar Kano da ke unguwar Naseem, ana saura mako uku bikin jikata.

2. Karɓi alkawari a gaban mutane

Jira ta a wajen suna. Kira ta 'yata, tambayi ƙafar mahaifiyarta, sannan ki ce ɗan saƙo ne, shwayya, wato ɗan kaɗan. Ana cewa haƙuri ke sa mutum taimako. Ni dai na koyar shekara talatin, kunya na ga tana wannan aikin.

3. Ɗaurin kansa

Nan ƙwarewa take. Kada ki yi amfani da salatif, ana ɓare shi a rage kaya a mayar. Samo igiyar shanya, zagaya kwalin tsaye da kwance, yi ƙulli bakwai, ki ja kowanne da haƙori in kina da saura. Yarinya mai tarbiyya ba ta sa wuƙa a ƙullin tsohuwa. A nawa kwalin akwai bargo, da abaya shida, da tukunya.

4. Makara

Kai kayan lokacin da motar filin jirgi ke bakin ƙofa. Mahbuba ta ɗaga kwalin, ta sauke.

"Hajiya, wannan ai ya fi kilo goma."

Na ce hannunta ne ya gaji da aikin asibiti. Direba ya danna hon. Ta buɗe akwatinta a kan titi, ta ciro takalman da ta saya wa ƙannenta, ta ba ni ajiya. Karɓi irin wannan da hannu biyu, ki yi addu'a mai tsawo.

Gargaɗi

In aka daina gayyatarki suna, ko kwalinki ya kwana a filin jirgi, babu ruwana, ni shawara na bayar. Nawa ya isa, amarya ta rufa da bargonta. Mahbuba har yau tana durƙusawa ta gaishe ni, sai dai sau biyu ke nan tana zuwa gida, a hoto nake gani.

Ke fa, yaushe ne hutunki?