Shayi Mai Gishiri a Saman Dutse

Allah shaida, ranar da muka bar unguwarmu Hindawiyya a Makka, can cikin shekarun sittin, sai da na rantse wa maigidana mai turare cewa babu al'adar da ban sani ba, tunda na taso ina ɗaukar kayan alhazai.

Neman almiski ya kai mu wani ƙauyen mabiya addinin Buda a saman duwatsun Himalaya, farkon kaka. Maigida ya ce, "Ka kiyaye, in ran dattijon nan mai almiskin ya ɓaci, ba ciniki."

Aka kawo shayi mai gishiri da man shanu. Na runtse ido na shanye, na girgiza kofin yadda muke yi da gahawa a Makka in mun ƙoshi. Dattijo ya yi murmushi, ya cika. Na shanye, na ƙara girgizawa da ƙarfi. Ya cika. Ashe a can ba a barin kofin baƙo wayam.

A kofi na tara na fita da rarrafe. Almiski dai mun samu, don dattijon bai taɓa ganin masoyin shayinsa kamata ba.

Har yau in na girgiza finjalin gahawa, sai abokaina su ce, "Yalla, ku cika wa Alhaji, a sa masa gishiri!"