Gudun Asuba da Silifa a Hannu

Akwai wata asuba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, a farkon shekarun Shari'a. Na daɗe da gama sakandare, ina zaune a Daura ba aiki ba jari. Sai aka ce za a ɗauki ma'aikatan ɗamara, kuma gudu ne gwajin farko. Yawancin samarin da ke motsa jiki a lokacin ba lafiya suke nema ba, mafita suke nema. Ni ma haka.

Sa'o'ina a filin makaranta suke taruwa da yamma. Ni kuwa kunyar a ga ina haki ta sa na zaɓi bayan sallar asuba. Kambas ɗina guda ne, na adana shi sai ranar gwaji (kada ya tsufa bai ga aiki ba). Don haka liman na sallamewa na fito, na kwashi silifana a hannu, na zura da gudu.

Ban tsaya na dubi lamarin da idon mutane ba: saurayi ya fito daga masallaci, takalmi a hannu, yana sheƙa gudu, a makon da kowa ke kukan satar takalma.

Baba Ilu mai shayi ne ya kama ni, abokin mahaifina, dattijo mai fama da ciwon gwiwa. Ko kwanar layinmu ban kai ba ya damƙi wuyan rigata. Jama'a suka taru, aka dalle min fuska da tocila.

"Ashe ɗan Malam Sule ne. Takalmin wa ka ɗauko?" in ji Baba Ilu.

"Nawa ne, Baba. Atisaye nake yi."

Ya juya silifan, ya ga ƙusar da ke riƙe da hancinsa. "Naka ne. Ba mai satar wannan. Atisayen me?"

"Aikin ɗamara zan nema."

Ya dube ni ina numfashi sama-sama, shi ko haki ba ya yi.

"Da wannan gudun? Ɗana, ai gara ni in je."

Ba wanda ya yi dariya. Tausayina suka ji, abin da ya fi dariyar ciwo. Wani ma cewa ya yi, "Allah ya kawo wata hanyar," alhali ko gwajin ba a yi ba.

Ranar gwaji na je Katsina, na zo cikin na ƙarshe, na dawo gida da kambas ɗina tsaf. Wata hanyar kuma har yau ba ta zo ba. A bencin Baba Ilu nake karyawa, shi ke zuba min.

Darasin da na ɗauka shi ne: kafin mutum ya ce zai guje wa zaman banza, ya fara tabbatar ya fi mai shayin unguwarsu sauri.